Ruwan da ke gadin ɗakin Umma

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin masai irin na zama ya san akwai wani ɗan ruwa da ke kwance a ƙasansa kullum. Ka kora bokiti goma, in komai ya lafa za ka tarar da shi a daidai inda yake ɗazu. Yawancinmu mun ɗauka saura ne, ruwan da ya rasa ƙarfin wucewa. To da gangan aka ajiye shi a wurin, kuma da wani zai sa soso ya tsane shi tas da safe, kafin la'asar mutanen gidan sun fara neman inda za su sa hancinsu. Irin wannan ruwan yana nan a ƙarƙashin abin wanke hannu, da sinkin kicin, da rariyar banɗaki, da bahon wanka, sai dai waɗannan a ɓoye suke. Masu gyaran famfo suna kiran wurin da yake kwanciya tirap. Bututu ne aka lanƙwasa ya yi ciki kamar ƙugiya. Ruwan wanka ya bi ta ciki ya wuce, na ƙarshen ya tsaya a cikin lanƙwasar ya toshe hanya. Ruwa yana sauka, amma iskar sokawe ba ta samun ƙofar hawowa, kyankyaso ma sai ya sha wuya.

Mu 'yan sashen Fasahar Gine-gine mun zana wannan abu har mun gaji. Mun haddace cewa bututun bahon wanka milimita 40 ne, wanda 'yan kasuwa ke ce wa inci ɗaya da rabi, kuma zurfin ruwan da zai tsaya a tirap ɗinsa kada ya gaza milimita 50. Na abin wanke hannu kuwa, bututu milimita 32, zurfin ruwa 75. Alƙaluman daga ƙa'idojin gini na Ingila suke, waɗanda littattafanmu suka gada. Milimita 50 fa ko tsawon ƙaramin yatsanka bai kai ba. Malaminmu har tarihi ya ba mu: wani mai gyaran agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a 1775. Duk da haka sai da wari ya kusa korar 'yan majalisar Ingila daga zaurensu a bazarar 1858, lokacin da kogin Tems ya koma kwatar birnin Landan, sannan aka sakar wa injiniya Joseph Bazalgette kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Duk na zuba wannan a takardar amsa, na kuma samu maki mai kyau. Amma tirap ɗin da ke aiki a cikin gida, sai a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce hannuna ya fara taɓa shi, kuma ba makaranta ce ta aike ni ba.

Gidanmu a Kano tsohon kwatas ne na ma'aikata, irin ginin nan mai tsarin Turawa, wanda Baba ya saya lokacin da aka sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki. A banɗakin da ke cikin ɗakin Umma akwai bahon wanka na ƙarfe, fari, mai nauyin gaske. Mu yara ba ruwanmu da shi, a banɗakin tsakar gida muke wanka da bokiti kamar kowa. Baba ne mai bahon. Yana fama da ciwon baya, to kullum bayan isha'i sai a dafa masa ruwa a tukunya, ya sirka, ya shiga ya ɗan jima. A ƙarshen damina Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Tun daga ranar Umma ba ta sake taka cikin bahon ba. Ba ta ce komai a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wanka ta koma yi a tsakar gida, wancan kuwa sai da dare takan shiga don masai da alwala, ta fito ta ja ƙofa.

Ina makaranta ƙanena ya fara yi min ƙorafi a waya cewa ɗakin Umma yana wani irin wari. Ban san girman abin ba sai da na dawo a watan Disamba na yi sallama na ɗaga labule. Wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ba mai ƙarfi sosai ba, amma ya kama katifa, ya kama labule, ya kama sallaya. Wanda bai san Umma ba ba zai gane abin da ya sa na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga ba. Matar nan, tun daga zaure ake sanin ta kunna kasko. Maƙwabta wurinta suke aiko 'ya'yansu a haɗa musu turaren wuta in za a yi biki. Yanzu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ta ajiye turare gaba ɗaya, ko na ɗaki ba ta yarda a kunna don kada ya kama tufafinta. Ga kuma mata masu zuwa gaishe ta kullum, a wannan ɗakin suke zama. Wata ta ja mayafi ta rufe hanci kamar sanyi take ji, wata ta taƙaita gaisuwa ta ce ta bar girki a wuta. Umma tana ganin komai. Sai dai ta ce, “A yi haƙuri da ɗakin.”

Kowa da maganin da ya kawo. Gwaggo ta ce banɗakin da aka daina shiga ai ba a rasa masu tarewa a ciki, a samu malami ya yi tofi. An yi. Wata maƙwabciya ta kawo Izal, aka wanke daɓe da bango har idanu suna yaji, sai warin ya zama biyu. Kawu ya ce a kira falamba. Nan Umma ta tsaya: namijin da ba muharraminta ba ba zai ratsa ta uwar ɗakinta ba tana cikin takaba, a bari ta fita. Saura kusan wata biyu a lokacin. Kawu dai ya kira wani a waya ya kwatanta masa, shi kuma tun bai ga wurin ba ya yanke hukunci cewa a fasa, a fitar da bahon, a sa tayil da shawa, ai an daina yayin wannan. Da aka faɗa wa Umma shiru ta yi, kuma duk wanda ya san shirunta ya san an gama magana.

Washegari na ce, “Umma, ki ba ni izini in duba.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Ba dai za ki fasa bahon babanku ba ko?”

Na ce ko ƙwarzane ba zai samu ba.

A aji an koya mana hanyoyin da tirap ke rasa ruwansa, kuma ashe jerin nan da muke haddacewa don jarrabawa shi ne aikin gaba ɗaya. Ta farko ƙafewa. Bahon da aka yi wata uku ba a zuba masa ruwa ba, ga hunturun Kano da ke busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe, me zai hana ɗan ruwan da bai kai yatsa ba ƙafewa? Na haska tocila cikin ramin bahon, babu ƙyallin ruwa ko kaɗan. Na kara bayan hannuna, sai na ji iska mai ɗumi tana fitowa a hankali, kai ka ce wani ne ke numfashi a ƙasa. Na juye bokiti guda, na buɗe taga. Kafin magariba ɗakin ya fara komawa daidai. Ƙanena har ya fara kirana injiniya.

Ni kuwa na ce a jira, domin in ƙafewa ce kaɗai, bokitin nan ya kamata ya kai mu makonni. Kwana biyu aka yi warin ya dawo. Ruwa mai zurfin milimita 50 a cikin bututu ba ya ƙafewa a kwana biyu ko da hunturun ya kai ina. Saura hanya uku ke nan. Akwai zuƙa: in bututu ba shi da mashaƙar iska, wato dogon fayif ɗin nan da kuke gani ya wuce rufin gida, ruwan da aka kora da ƙarfi a wani wuri yana iya janye na cikin tirap, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo. Alamarta ƙara ce, ka ji ramin yana ƙurƙur kamar mai kurkurar baki. Na sake cika tirap ɗin, na kora masai sau uku ina saurare, shiru, ruwan ko motsi bai yi ba. Akwai kuma gashi ko zare da kan maƙale, rabi a cikin ruwan rabi ya zarce cikin bututu, ya riƙa tsotse shi kamar yadda lagwani ke jan kalanzir. Na lanƙwasa waya na zura, abin da na ciro bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage shi ne yoyo.

Gefen bahon an rufe shi da katako mai fenti, an ɗaure da sukurori shida da fenti ya shafe kawunansu. Na kankare su da wuƙa, na kwance. Da muka janye katakon sai da ni da ƙanena muka ja da baya, saboda kyankyasai da suka watse ko'ina. Siminti a ƙasan ya yi baƙi, ya jiƙe, bulon bango ya yi laushi har kana iya kankarar sa da farce. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa fentin barandar da ke bayan wannan bango yake ɓarewa daga ƙasa duk shekara, muna ta sake shafawa kowace sallah muna zagin mai fenti. Ga tirap ɗin nan, na tagulla ne, ya yi kore shar, a can ƙasan lanƙwasar kuma wani farin gishiri-gishiri ya taru. Na goge wurin da tsumma, na sa ƙanena ya zuba buta ɗaya daga sama. Ban ƙirga goma ba sai ga ɗigo ya taru a kan wata siririyar tsaga kamar gashi, ya faɗo.

Tsagar nan ba ta bana ba ce. Yadda bango ya ci ruwa, ta yi shekaru. Abin da ya sa ba mu taɓa jin wari ba shi ne kullum da dare Baba yana sake cika tirap ɗin da ruwan wankansa, kafin ya tsiyaye wani daren ya zo. Na zauna a kan daɓen na ɗan jima da tocila a hannu. Ƙanena ya ce, “Yaya, lafiya?” Na ce ya je ya ɗauko min gwangwanin Baba.

Babban gwangwanin madara ne, a ƙarƙashin gado yake zama. Akwai sifana mai baki, filaya biyu, ruwan zarto naɗe a takarda, da tarin notina da wosha da babu wanda ya san na mene ne sai mai su. Tirap yana da noti biyu: na sama da ya ɗaure shi da ramin bahon, da na gefe da ya haɗa shi da bututun da ke ratsa bango. Akwai kuma ƙaramin bututu da ya sauko daga ramin ambaliya, wato ramin nan na jikin bahon kusa da baki, wanda ke kwashe ruwa in ya cika da yawa. Shi ma ta saman tirap yake shigowa, don in ya shiga ta ƙasansa ya zama ƙofar wari ta biyu. Notinan sun yi shekaru aru-aru ba a taɓa su ba, sun ƙi motsi. Ban yi musu dole ba. Na jiƙa tsumma da kalanzir na naɗe su, na bar su suka kwana.

Wurin da ake ɓarna a wannan aiki shi ne notin sama. In ka murɗa shi da ƙarfi daga ƙasa, ƙarfen ramin da ke cikin bahon yana iya juyawa tare da shi, ya ɓalle liƙin da ke tsakaninsa da jikin bahon, ka zo gyaran yoyo ɗaya ka tafi ka bar biyu. Saboda haka na sa ƙanena ya shiga cikin bahon ya zura ƙafafun filaya a ramukan ƙarfen ya riƙe gam, ni kuma ina kwance a gefe ɗaya, kunci a kan siminti, ina bugun sifana da tafin hannu kaɗan-kaɗan. Da ya saki sai da ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Abin da ya zubo cikin robar da na tara ba sai na kwatanta ba, akwai masu karatun nan suna cin abinci. Bututun da ya ratsa bango kuwa na ƙarfe ne, tsatsa da daskararren sabulu sun cike shi har ramin da ya rage da ƙyar yatsa zai shiga. Shi ma dole ya tafi.

Na sa tsohon tirap ɗin a leda na hau Keke zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa. Shawarar da zan ba kowa ke nan: ka tafi da tsohon a hannu, kada ka dogara da kwatance ko hoton waya. A shagon da na shiga, yaron shago ko kallon ledar bai gama yi ba ya miƙo min fleksibul, farin tiyon nan mai ƙunƙumi-ƙunƙumi da ake ja ya miƙe. “Hajiya, ai yanzu wannan kowa ke sawa, minti biyar an gama.” Gaskiya ya faɗa, shi kowa ke sawa, kuma shi ya sa banɗakuna da yawa a sababbin gidaje masu tayil har sama suke wari. In aka miƙar da shi daga ramin baho zuwa bango babu inda ruwa zai tsaya. In ma an lanƙwasa shi da hannu, babu abin da ke riƙe lanƙwasar, wata rana tsintsiya ta taɓa shi ya miƙe. Ƙunƙuman jikinsa kuma matattarar dauɗa ne. Ya sake kawo min mai kama da kwalba, na ce wannan na abin wanke hannu ne, ba zai shiga ƙarƙashin baho ba. Ya kawo wani marar zurfi, na sa ma'auni, ruwan da zai riƙe ko rabin abin da nake nema bai kai ba. Irin wannan yana da wurinsa, inda bututun ke zuba a fili kan wata rariya mai nata tirap a waje. Namu kuwa kai tsaye yake shiga cembar da ta haɗu da layin masai.

Duk wannan mai shagon, wani dattijo, yana zaune a kan benci yana jin mu. Ya ce, “'Yata, kawo in gani.” Ya juya tagullar a hannunsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce rabon da ya ga irinta har ya manta. Ya tashi da kansa ya shiga can ciki ya fito da tirap na roba mai noti biyu, inci ɗaya da rabi, ya zura yatsa a lanƙwasar ya nuna min inda ruwa zai tsaya. Na auna, ya cika. Ya gwada tsohon notin da sabon ya nuna min zarensu ɗaya ne, zai hau tsohon ƙarfen bahon ba tare da an canza shi ba. Ya ƙara min wosha biyu a kan na ciki, ya ce, “Roba ba ta son ƙarfi. Ki ɗaure da hannu, in ya tsaya ki ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan. Kada ki bari sifana ta yi miki gardama da shi.” Na ce, “Na gode, Baba.” Ya tambaye ni ko maigidana falamba ne. Na ce ɗaliba ce ni a poli. Ya ce to madalla, ya rage min wani abu a kuɗin fayif. Duka kayan, da tirap da fayif da elbo da ƙaramin gwangwanin gam, ba su kai abin da nake kashewa a data a wata ba.

Haɗawar ba ta da wani labari mai yawa. Ƙanena ya fasa simintin da ke riƙe tsohon bututun ta waje, muka zare shi. Na yanka sabon da zarto, na daidaita bakin, na kankare ɓurɓushin da wuƙa, domin a nan gashi ke fara kamawa. Abu biyu ne na tsaya a kansu. Na farko gangare: ƙa'idar ta ce tsakanin milimita 18 zuwa 90 a kowace mita, ni na ba shi wajen 40, kimanin faɗin yatsu biyu. In ya kwanta sosai dauɗa ta zauna, in ya yi tsaye da yawa ruwan ya fita a guje ya janye na cikin tirap a bayansa. Na biyu, gam a elbon waje kaɗai na shafa. Shi tirap ba a liƙe shi da gam, don ana so wata rana a kwance a wanke a mayar. Notinansa ma ba sa bukatar farin tef ɗin nan da ake naɗa wa zare, wosha ce ke riƙe ruwa, in ta zauna daidai ta gama aiki.

Littafi ya ce a cika baho har ramin ambaliya a sake shi gaba ɗaya. Wanda ya rubuta littafin ba ya sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Jarka biyu na zuba, na toshe, na sake su a lokaci ɗaya ina shafa kowane noti da busasshen yatsa. Ramin ambaliya kuma da buta na ɗura masa ruwa kai tsaye. Sannan na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa na bar ta ta kwana, don takarda ba ta ɓoye ɗigo. Da asuba na same ta a bushe ƙamas. Katakon gefen ban mayar ba sai bayan mako guda, na bar hunturu ya busar da bangon, ya yi mana amfani ko sau ɗaya.

Tun da na dawo makaranta hancina ya hana ni sakat. Ku tuna yadda banɗakunan hostal suke a makon farko bayan dogon hutu ko yajin aiki. Mukan ce masu shara ne ba su yi aikinsu ba, alhali sau da yawa an wanke wurin, tirap ne suka ƙafe gaba ɗaya saboda an yi makonni babu mai zuba ruwa. Bokiti ɗaya a kowace rariya da kowane masai yana rage abin sosai. Wata matsalar kuma mu ne da kanmu. Rariyar daɓe tana da wani ɗan murfi a ciki mai kama da kofi a kife, shi ne ke nutse cikin ruwa ya toshe iska. Da zarar ruwa ya fara jinkirin wucewa sai wata ta cire shi ta jefar, ruwa ya wuce da sauri, ta ji daɗi, daga ranar kuma ɗakin wankan ya zama bakin sokawe. Abin da ya toshe shi gashi ne da zaren soso da guntun sabulu, a ɓangarenmu na mata har da ragowar lalle da dilka in biki ya matso. A ɗaga murfin, a kwashe, a wanke, a mayar da shi. A gida, lanƙwasasshiyar waya sau ɗaya a mako ta isa. In za a yi amfani da robar nan mai sanda da ake dannawa, a toshe ramin ambaliya da jiƙaƙƙen tsumma tukuna, in ba haka ba iskar ta nan za ta riƙa fita kana ta wahalar banza. Wanda zai rufe gida ya yi doguwar tafiya kuma, ya cika kowane tirap ya ɗiga cokali ɗaya na mai a kai, man yana yin shimfiɗa a saman ruwan ya rage ƙafewa.

Akwai abin da ba na wasa ba a nan. Mutane suna zuba ruwan batir ko soda mai ci a rariyar da ta toshe. Soda tana ɗaukar zafi in ta haɗu da ruwa, tana iya lausasa bututun roba, in kuma ta fantsamo a ido an shiga uku. Mafi muni shi ne a zuba asid sannan a bi shi da bilic, ko a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid a ciki don wai ya fi ƙarfi. Haɗin nan yana fitar da iskar kulorin, a banɗaki mai ƙaramar taga kuwa tana iya kai mutum asibiti. Shi kansa warin ruɓaɓɓen ƙwan, iska ce da ake kira haidirojin salfaid. Ɗan abin da ke shigowa ɗaki ta tirap yakan tsaya a ciwon kai da tashin zuciya, amma a cikin ramin sokawe tana taruwa, ta fi iska nauyi, kuma in ta yi yawa tana kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta tafi. Shi ya sa ake jin wani ya shiga rami ya faɗi, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Gyaran tirap aikin cikin banɗaki ne. Duk abin da ya kai ga shiga rami, a bar wa masu kayan aikinsa.

Tsohuwar tagullar, ƙanena ya so ya kai wa 'yan gwangwan, ya ce tana da nauyi za ta yi kuɗi. Umma ta ce a wanke a kawo mata. Ta juya ta, ta nemi in nuna mata tsagar, sai da ta sa tabarau sannan ta gani. Ta ce, “Wannan ɗan abin?” Na ce shi ne. Ta sa a cikin gwangwanin Baba, murfin ya ƙi rufuwa, ta tura shi haka nan ƙarƙashin gado.

Ta fita takaba a watan Fabrairu, ina makaranta. Ƙanena ya ce tun daga bakin layi ya jiyo kaskon. Har yanzu ba ta wanka a bahon, to na bar masa aiki: duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci ya juye buta ɗaya a ciki. In ya manta, Umma ce ke tuna masa.